Yadda ake haska kwalba a ɗauke ta hoto: humra, zuma, man gyaɗa da zoɓo

Mai sayar da humra ko zuma ko man gyaɗa a Damagaram yau rabin cinikinsa a waya yake. Kafin mai saye ya tako Kasuwar Dole ko ya aiko yaro gida, ya riga ya ga kayan a WhatsApp ko Facebook, kuma abin da ya gani ɗin ne zai sa ya tambayi kuɗi ko ya wuce. Cikin kayan da ake kawo mini in ɗauka, daga takalman fata har atamfa, babu mai gardama irin kwalba. Ka kunna filashi, wani farin ɗigo ya zauna mata a tsakiyar ciki. Ka fita da ita tsakar gida, sai ga ka nan a jikinta, kai da wayarka da igiyar shanya.

Dalilin guda ne. Ƙwarya ko yadi suna karɓar haske su watsa shi ko'ina, ita kuwa kwalba wani hasken ta bar shi ya ratsa ta, wani ta mayar da shi yadda madubi ke yi. Duk wani fari da ka gani a jikinta hoton wani abu ne da ke cikin ɗakin: taga, kwan fitila, farar rigarka. Duk wani baƙi kuma hoton wuri ne mai duhu. Saboda haka aikinka shi ne ka shirya abin da kwalbar za ta gani. Wanda ya riƙe wannan zai iya warware kusan kowace matsala da kansa, domin da ya ga tabon haske zai waiwaya ya nemi mai shi a ɗakin.

Kayan da za ka tanada

Waya mai kamara ta isa, musamman in tana da ɓangaren da aka rubuta Pro, inda kake saita abubuwa da hannunka. In kana da babbar kamara, ka ɗaura mata gilashin ido, wato lens, mai tsawon milimita 85 zuwa 100, ko 50 in shi ke gare ka.

Ƙafar kamara wajibi ce, ko abin da zai tsaya a madadinta. In babu, ka jera bulo ko littattafai a kan kujera, ka tokare wayar da ƙullin shinkafa ko yashi a cikin safa. Hannu dai ba ya wannan aiki, domin za ka riƙa matsar da kwali da fitila kaɗan-kaɗan, kuma sai kamara na wuri guda za ka ga abin da ya canza.

Fitila ɗaya ko biyu na LED, iri ɗaya, daga kwali ɗaya in da hali. Fitilar sola ko babbar tocila mai caji ma tana yi. Ka guji tsohon kwan fitila mai zare a ciki: yana zafi ƙwarai, ga yadi kusa da shi, ga turare mai alkol a kan tebur, ba a haɗa waɗannan ukun.

Farin yadi marar ado, mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Farin akoko ko yadin likkafani ko tsohon zanen gado duk suna yi, muddin fari ne tas kuma haske na ratsa shi. Takardar kalk ta masu zanen gini ta fi su laushin haske, in ka samu a kantin littattafai. Gidan sauro ba ya yi, ramukansa sun yi faɗi, kwan fitilar zai fito a jikin kwalba tsirara.

Sai kwalaye. Ka nemi babban kwali irin na firji ko talabijin, ka yanka shi falle-falle masu tsawon santimita 60 da faɗin 30. Wasu ka manna musu farar takarda, wasu baƙar takarda ko baƙin yadi marar sheƙi. Baƙaƙen su fi yawa, don a hoton kwalba baƙin kwali ya fi fitila ta biyu amfani. Ka haɗa da almakashi, reza, salatif, ƴan maƙalan shanya, takardar azurfa irin ta cikin fakitin shayi ko madara, tsumma mai laushi marar gashi, alkol na farmasi, da karo, wato tayil ɗin daɓen ɗaki, baƙi guda ɗaya mai sheƙi wanda kwalbar za ta zauna a kai. Masu sayar da kayan gini ba sa rasa fasasshe ko ragowa.

1. Zaɓi kwalba ka tsabtace ta

Ka ce wa mai kayan ta kawo uku ko huɗu na kowane iri, ka zaɓi wadda ba ta da ƙwarzane, etiket ɗinta, wato takardar sunan kaya da ke manne a jikinta, a miƙe yake, murfinta bai lotse ba. Kwalbar da aka ƙera a masana'anta tana da layin ɗinki biyu daga wuya zuwa gindi. Ka juya ta su koma gefe da gefe, kada ɗaya ya ratso ta fuska. In akwai takarda a bayan kwalbar, ka jiƙa ta da ruwan ɗumi ka ɓare, domin za ta tare hasken da kake son ya ratso.

Abin da ke ciki ma yana son shiri. Man gyaɗa na gida ka bar shi ya kwana a tsaye, laka ta kwanta. Zumar da ta daskare lokacin sanyi ka tsoma kwalbarta a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, har ta saki. Farar humra in ta rabu ka girgiza ta, sannan ka jira kumfa ya mutu. A cika kwalba har wuya.

Ka goge da alkol, sannan da busasshen tsumma, daga nan kada yatsa ya sake taɓa cikinta. Ka riƙa ɗaukarta ta murfi ko da tsumma. Lokacin hunturu, da iskar nan mai ɗauke da ƙura ta taso, kwalbar da ka goge yanzu kafin ka gama gyara fitila ta sake yin fari. Ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, ka rufe ƙofa, ka kife kwali a kan kwalbar sai lokacin ɗauka. Minti biyu na gogewa ya fi awa guda na cire ƙura ɗigo-ɗigo a waya.

2. Duhunta ɗakin

Ka kashe fitilar sama, ka rufe taga da bargo. Hasken da ba kai ka kawo shi ba zai bayyana a kafaɗar kwalba, don nan ne take kallon rufi. Ka lura da bango kuma. Jan bangon ƙasa irin na gidajen Birni yana zuba wa gilashi ja-ja, shuɗi ko koren fenti shi ma haka. Ka ja tebur zuwa tsakiyar ɗaki, nesa da bango gwargwadon iko. Kai kanka ka sa riga mai duhu. Na san a zafin Afrilu wannan magana ba ta da daɗin ji, rufaffen ɗaki da baƙar riga, shi ya sa nake fi son yin aikin bayan sallar asuba ko bayan isha'i.

3. Kafa kamara, kada ka sake taɓa ta

Ɗora karo a kan tebur, kwalba a kansa, kusa da bakinsa na baya. Kamara ta tsaya nisan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, idonta daidai tsakiyar etiket ko ƙasa da shi kaɗan. Daga sama kwalba tana gajarcewa ta yi ƙaton kai. Daga ƙasa kaɗan tana samun tsayi da kwarjini.

Kuskuren da kusan kowane sabon hannu ke yi shi ne kusantar da waya har ta kusa taɓa kwalba. Gilashin waya na farko mai faɗin gani ne, yana kumbura abin da ke kusa da shi, sai kwalba ta fito da tumbi. Ka ja baya ka danna 2x ko 3x. Ja da bayan yana kuma rage girman hotonka a jikin kwalbar. Ka kunna layukan nan na raga da ke kan allon kamara, ka daidaita gefen kwalba da su, wayar kuma ta tsaya cak, kada ta duƙa gaba ko baya. Filashi a kashe. Ka sa agogon jinkiri na daƙiƙa 3, domin dannawar yatsa kaɗai tana girgiza hoto.

4. Duba irin kwalbar da ke gabanka

Ka ɗaga ta ka kalli fitila ta cikinta. In haske ya ratso, kamar man gyaɗa, man riɗi, zuma mai ruwa, turare ko zoɓo marar kauri, mataki na 5 ne naka. In bai ratso ba, kamar baƙar humra, koriyar kwalbar ruwan inabi marar barasa da ake kaiwa wajen biki, farar humra ko kunun aya, ka tafi na 6. Hanyoyin biyu sun saɓa da juna, kuma yawancin munanan hotuna daga cakuɗa su ake samu.

5. Kwalbar da haske ke ratsawa: haske daga baya

Rataya farin yadi a bayan kwalbar, nisan santimita 40 zuwa 60, ka ja shi ya miƙe sarai, don duk wata tattara za ta fito. Igiya tsakanin kujeru biyu da maƙalan shanya sun wadatar. Fitila ta koma bayan yadin, wajen rabin mita daga gare shi, tana fuskantar kamara, daidai tsayin cikin kwalba. In ɗakin ƙarami ne, ka manna farar takarda a bango, ka ɓoye fitila a ƙarƙashin tebur tana haska takardar. Ko ta wace hanya, fitilar ba ta haska kwalbar kai tsaye.

Ka leƙa allo. Man zai kama da haske, launinsa ya fito, amma gefen kwalbar zai ɓace cikin fari, ba a gane inda ta ƙare. Nan ne baƙin kwali ke shigowa. Ka tsayar da ɗaya a dama, ɗaya a hagu, a jikin yadin ko gaba da shi kaɗan, ka riƙa turo su ciki a hankali har su zo dab da iyakar abin da kamara ke gani, ba tare da sun shigo hoton ba. Za ka ga baƙin layi siriri ya zana kwalbar daga murfi har gindi. Gefen gilashi yana lanƙwasa haske, yana ɗauko abin da ke can nesa a dama da hagu, to abin da ya ɗauko yanzu baƙi ne. Ƙa'idar ita ce farin baya ya cika hoton daidai, kada ya wuce. In layin ya yi kauri har ya ci cikin man, ka buɗa kwalayen. In ya yi siriri, ka matso da su, ko ka ja yadin baya.

Wayar za ta ga fari ya yi yawa ta duhunta hoton da kanta, bayan ya koma toka-toka. Ka taɓa kwalbar a allo ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama kaɗan-kaɗan. Ka tsaya a inda bayan ya yi fari amma man bai rasa launinsa ba. In ka ga hoton ya yi hazo, haske ne ke bugun idon kamara daga gefe. Ka yanka taga a baƙin kwali, ka tsayar da shi tsakanin kamara da kwalba, kamara ta leƙa ta ciki. Wannan kwalin yana ɓoye ka kai ma.

Ba kowa ke son farin baya ba. Wata Hajiyar za ta ce a sa mata zumarta a kan faifai ko gaban tabarma, ya yi kama da na gida. A nan akwai dabarar da masu hoton talla suka daɗe suna yi. Ka kwantar da kwalbar a kan farin kwali, ka zana siffarta, ka yanke ƙasa da layin da kamar rabin santimita ko'ina, tsayinsa ya tsaya daidai inda ruwan ya tsaya. Ka tsayar da shi a bayan kwalbar, nisan yatsu uku ko huɗu, ka karkata shi ya fuskanci fitilar da ke gefe. Kamara ba ta ganin kwalin don kwalba ta rufe shi, amma ta cikin zumar tana ganin haskensa. Ga zuma mai duhu ko zoɓo, ka lulluɓe kwalin da takardar azurfa wadda ka murtsuke ka sake warewa, don ta fi farar takarda ƙarfi. Abu ɗaya zai ba ka mamaki: kwalba cike da ruwa tana juya abin da ke bayanta, dama ta koma hagu. In ka ga duhu a hagun kwalba, gefen dama na kwalin za ka gyara.

6. Kwalba mai duhu: haske daga gefe

Wannan ita ce mai cin lokaci, kuma ita ce ke nuna gwani. Baƙar kwalba ba ta da abin nunawa sai siffarta, siffar kuwa dogon farin layin da ke sauka a gefenta ne ke faɗar ta.

Ka mayar da yadin gefen hagu, a tsaye, nisan santimita 20 zuwa 30 daga kwalba. Tsayinsa ya fara daga ƙasa da saman tebur ya wuce murfi da aƙalla santimita 30. In ya gaza, layin zai yanke a kafaɗa, wuyan kwalba ya zauna cikin duhu. In bai sauka ƙasa ba kuma, layin ba zai kai gindi ba. Fitila a bayan yadin. Bayan kwalba kuwa baƙin yadi ko baƙin kwali, da ɗan nisa, mita ɗaya in ɗaki ya yarda, don kada haske ya zuba a kansa ya koma toka.

Yanzu nisa biyu ne a hannunka, kowanne da aikinsa. Nisan yadi da kwalba shi ke yanke faɗin layin: ka matso da yadi layi ya yi faɗi, ka ja shi baya ya sirance. Nisan fitila da yadi kuma shi ke yanke laushinsa. Fitila dab da yadi tana yin ƙwallon haske mai zafi a tsakiya. Ka ja ta baya sai hasken ya bazu daidai daga sama har ƙasa. Amma ka sani, in ka ninka nisan fitila, ƙarfin hasken da ke isa yadin yana komawa kashi 1 cikin 4, saboda haka sai ka ƙara wa kamara lokacin buɗewa. Tunda tana kan ƙafa, babu damuwa.

Wurin da yadin ya tsaya shi ke yanke wurin da layin zai zauna. Haske yana tashi daga gilashi kamar ƙwallon da aka buga a bango, ta kusurwar da ya zo ta irinta yake fita. In yadin ya matso wajen kamara, layin zai gangaro tsakiyar kwalba ya hau kan etiket. In ya koma baya, layin zai koma can bakin gefe. Ni na fi son sa a gefe, ya ci kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗin kwalbar. Layin da ya fi kyau kuma shi ne mai kaifi ta waje, yana narkewa a hankali ta ciki. Ana samun sa in ka karkata fitilar ta bugi ƙarshen yadin na baya, hasken ya riƙa raguwa yana zuwa gaba. Ka yi ta juya ta kaɗan-kaɗan idonka na kan allo. Kada ka kalli kwalbar da idonka daga inda kake tsaye, abin da kake gani daga nan daban ne da abin da kamara ke gani.

Gefen dama fa? Kada ka yi saurin kunna fitila ta biyu. Ka tsayar da farin kwali a dama, ɗan baya da kwalbar, ya karɓi hasken da ya tsallako ya mayar. Zai ba ka siririn layi mai rauni wanda ya isa ya raba kwalba da duhun baya. Layi biyu masu ƙarfi ɗaya, dama da hagu, suna sa kwalba ta zama kamar an zana ta da alli, ba ta da jiki. In kwalin ya kasa, sannan ka kawo fitila ta biyu da nata yadin, ka nisanta ta fiye da ta farko.

Farar humra da kunun aya suna bin wannan tsari, sai dai sun fi sauƙi, tunda farin ruwan yana karɓar haske ya nuna kansa. Abin tsoro a nan shi ne ƙonewa, farin ya wuce kima har gefen hagu ya rasa komai. Ka rage hasken kamara, ka ba su baya mai duhu ko ruwan ƙasa.

7. Etiket da murfi

Haske daga baya ko daga gefe yakan bar etiket cikin duhu, alhali sunan kaya da lambar wayar mai su a nan suke. Ka riƙe ƙaramin farin kwali a gaba, ƙasa da idon kamara ko can gefe, ka karkata shi har rubutu ya fito. Ka duba kada hoton kwalin ya fito a gilashin sama da etiket. In ya fito, ka rage girmansa ko ka sauke shi ƙasa.

Rubutun zinariya ko azurfa, irin na kwalaben turaren da ake kawowa daga Dubai, madubi ne shi ma: in ba ya kallon fari, baƙi zai fito. Ka matsa da farin kwali a gabansa har ka ga ya kama. Murfi mai sheƙi kuma rufi yake kallo, sai ka sa wani ya riƙe farar takarda a samansa, wajen santimita 30.

Wani lokaci abin da ya gyara etiket shi ke ɓata gilashi. Kada ka wahalar da kanka. Ka ɗauki hoto biyu ba tare da kamara ta motsa ba, ɗaya don kwalba, ɗaya don etiket, ka haɗa su daga baya. Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, tana da wurin ɗora hoto kan hoto a goge ɓangaren da ba a so.

8. Saitin kamara da launi

A ɓangaren Pro ka sauke ISO, wato ƙarfin kama haske na kamara, zuwa 50 ko 100, don hoto ya fita ba tsakuwa. A babbar kamara ka sa faɗin buɗewar idonta a f/8 ko f/11. Ka saita gani a kan rubutun etiket.

In ka ga wasu layuka masu duhu suna yawo a allo, fitilar ce ke ƙyaftawa. Wutar lantarki a Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu kwayayen LED masu araha kuma suna bin ta. Ka sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/25, layukan za su ɓace. Tocila mai caji ma takan yi haka in an rage mata ƙarfi, sai ka kunna ta har ƙarshe ka nisanta ta.

Launin fitila a rubuce yake a kwalinta. Mai 6500K fari ne mai shuɗi-shuɗi, mai 2700K ko 3000K rawaya ne, hasken rana tsaka yana wajen 5500K. Ka nemi WB, wato saitin launin haske, a kamara ka sa lambar da ta dace da fitilarka, ko ka ja ta har farar takarda ta fito fara a allo. Kada ka haɗa fitila rawaya da fara a hoto ɗaya, ko fitila da taga, domin babu saitin da zai gyara su biyun tare. Wannan ya fi muhimmanci ga zuma da mai, tunda da launi ake sayen su. Wanda ya ga zuma ja a hoto aka kai masa baƙa zai ce an canza masa kaya, ko da ita ce.

9. In wuta ta ɗauke, ko babu fitila sam

Ƙofa ko taga tana maye gurbin fitila, da sharaɗin rana ba ta faɗo kai tsaye. A nan Zinder rana tana bi ta kudu yawancin shekara, saboda haka ƙofar da ke kallon arewa ita ce mai inuwa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa takan koma ta arewa kaɗan, lokacin ta kudu ce mai inuwa. Ka rataya farin yadin a bakin ƙofar ya rufe ta, in ba haka ba kwalbar za ta nuno maka tsakar gida da duk wanda ya gifta. Ƙofa a bayan kwalba ta ba ka mataki na 5, ƙofa a gefenta ta ba ka na 6. Sauran tagogi a rufe. Zaure ma wuri ne mai kyau, tunda haskensa ta ƙofa ɗaya yake shigowa in ka tare ta ciki.

Hasken rana yana canzawa, don haka ka shirya komai tun kafin, ka ɗauki kwalaben a jere da sauri. Ranar da hazo ya rufe gari hasken yana da laushi amma yana da rawaya-rawaya, sai ka sake duba WB da farar takarda.

10. Raɓar sanyi a jikin zoɓo da kunun aya

Kwalbar da aka ciro daga firji raɓarta ba ta jiran mai hoto, nan take take tsiyaya ta jiƙa etiket. Ka yi aiki da wadda ba ta da sanyi. Ka haɗa gilisarin na farmasi da ruwa, rabi da rabi, a kwalbar feshi. Ka rufe etiket da murfi da takarda, ka fesa daga nisan santimita 40, sau biyu ko uku, ka tsaya ka duba. Ɗigon zai zauna ba ya gudu. Kada ka fesa sama da inda ruwan ya tsaya a ciki, don raɓar gaske ba ta hawa can, mai lura zai gane. In babu gilisarin, ruwan sukari mai kauri yana yi, amma ka gama da wuri kafin ƙudaje su ji labari. Wannan shi ne na ƙarshe da za ka yi, bayan haske ya zauna, domin da ka fesa ba ka sake taɓa kwalbar.

11. Duba, gyara, aika

Kafin ka kwance kayan, ka buɗa hoton da yatsu biyu ka bi shi daga murfi har gindi. Kana neman ƙura, sawun yatsa, hoton wani abu da ka manta a ɗaki, da rubutun da bai fito ba. Gyara a tebur ya fi sauƙi yanzu da komai ke wurinsa.

A Snapseed ko Lightroom ka miƙe hoton in ya karkace, ka cire ɗigon ƙura, ka ɗan ƙara bambancin fari da baƙi. Launi kuwa ka bar shi, ka ajiye kwalbar kusa da waya kana kwatantawa. Don Facebook da Instagram ka yanka shi 4:5, don status na WhatsApp 9:16, shi ya sa yake da kyau ka bar fili sama da ƙasan kwalba tun wajen ɗauka. WhatsApp yana matse hoto, kuma laushin layin nan da ka sha wahala a kansa shi ke fara lalacewa, ya koma tsani-tsani. Ka aika wa mai kayan a matsayin fayil, ko aƙalla ka danna HD.

In kwalaben suna da yawa, humra kala shida ko mai girma uku, ka yi alama da salatif a kan karo inda gindin ta farko ya zauna, ka zana wurin ƙafar kamara da fitila da kujerun yadi da alli a ƙasa, sannan ka ja baya ka ɗauki hoton ɗakin gaba ɗaya. Ka fara da kwalba mafi tsayi, domin yadin da ya ishe ta zai ishi sauran, tsayin kamara kaɗai za ka riƙa saukewa. Ran da mai kayan ta dawo da sabon kala bayan wata biyu, da wannan hoton ɗakin za ka mayar da komai wurinsa, sabon ya zauna cikin ƴan'uwansa ba a gane ba rana ɗaya aka ɗauke su ba.